Shaidar Ɓera a Tarihin Binciken Ciwon Daji

Gabatarwa

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa, daɗaɗɗen ciwo ne da masu magani na kowace al'umma suka san shi tun kafin su san abin da ke kawo shi. Sun ga yadda ƙari ke tsirowa a jikin mutum ya yi ta girma ba ji ba gani, a yanke shi ya dawo, har ya yi ƙaura daga mama zuwa ƙashi, ko daga hanji zuwa hanta. Abin da ya gagare su sani shi ne mafarinsa. Shin daga waje yake shigowa, ko kuwa a cikin jiki yake tashi? An shafe mafi yawan ƙarni na ashirin ana wannan muhawara, kuma shaidar da ta raba gardama ta fito ne daga inda ba a zata ba, wato daga ƙwayoyin jikin ɓera da aka riƙa reno a cikin farantan gilashi. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka sami shaidar, da yadda ta so ta ɓatar da masu bincike, da kuma abin da ta haifar wa marasa lafiya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya riƙe wasu kalmomi. Jikin mutum da na dabba an gina su ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ba a ganin su sai da madubin likita. Su za mu riƙa kira ƙwayoyin jiki, kuma suna yaɗuwa ne ta hanyar rabuwa gida biyu. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kuma na ɗan'adam ya kai haruffa biliyan uku. Zaren yana da gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa tana ɗauke da umarnin ƙera wani furotin da ke yi wa ƙwaya aiki. Waɗannan su ne gaɓoɓin gado, kuma mutum yana da kimanin 20,000. An naɗe zaren dami-dami, kowane dami sunansa kuromosom: mutum yana da 46, ɓera yana da 40.

Ra'ayoyi Uku

A farkon ƙarni na ashirin masana sun kasu kashi uku. Kashin farko suka ce guba ce daga waje. Hujjarsu ta faro tun 1775, lokacin da wani likitan Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu share bututun hayaƙi tun suna yara suna yawan kamuwa da sankarar fatar maraina, ya kuma ɗora laifin a kan kunkunniya. A 1915 Yamagiwa da Ichikawa a Japan suka ƙarfafa wannan ra'ayi, domin sun yi wata da watanni suna shafa kwalta a kunnuwan zomaye har sankara ta fito.

Kashi na biyu suka ce ƙwayar cuta ce. A 1911 Peyton Rous, a Cibiyar Rockefeller da ke Niyok, ya niƙa ƙarin wata kaza, ya tace ruwan ta yadda ko ƙwayar jiki ɗaya ba ta wuce ba, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa, sai su ma suka yi ƙari. Ashe akwai bairas a cikin ruwan. Mutanen zamaninsa suka ce wannan lamarin kaji ne kawai, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel, bayan shekara 55.

Kashi na uku kuwa kusan mutum ɗaya ne, Theodor Boveri na Jamus, wanda ya rubuta a 1914 cewa ƙari yana farawa ne daga ƙwaya guda wadda kuromosom ɗinta suka hargitse. Babu yadda za a yi a gwada maganarsa a lokacin. Matsalar duka ɓangarorin uku ɗaya ce: ƙari ba ya bayyana sai bayan aikin gama ya gama, kuma ba wanda zai iya leƙa cikin jiki mai rai ya ga ranar da lafiyayyar ƙwaya ta fara kangarewa. Tilas a fito da ƙwayar waje, a sa ta a gaban ido.

Renon Ƙwayoyi a Faranti

Ross Harrison ne ya buɗe wannan ƙofa a Amurka a 1907, da ya raya tsokar jijiyar ɗan tayin kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki. Amma wanda ya fara ɗora tambayar sankara a kan wannan dabara da gaske shi ne Wilton Earle na Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka. A 1940 ya ɗebo 'yar tsoka daga ƙarƙashin fatar wani ɓera, ya raba ƙwayoyin kashi-kashi, ya zuba wa wasu sinadari dangin waɗanda ke cikin kwalta, ya bar wasu haka nan domin kwatance. Sakamakon da ya bayyana a 1943 ya zo da ruɗani. Ƙwayoyin da suka sha sinadari sun haifar da ƙari da aka mayar da su jikin ɓeraye, amma daga bisani waɗanda ba a zuba wa komai ba su ma sun yi hakan. Wato ƙwayar ɓera, in ta daɗe a faranti, tana iya sauya hali don kanta. Wannan gargaɗi ne, sai dai an ɗauki shekaru arba'in kafin a fahimci nauyinsa. A 1948 abokiyar aikinsa Katherine Sanford ta yi nasarar ware ƙwaya ɗaya tak daga cikin ƙwayoyin Earle ta raya zuriyarta, kuma har yau ana amfani da wannan zuriya, mai suna L929.

Me ya sa aka dogara ga ɓera, alhali ciwon mutum ake nema? Dalili ya fito fili a 1961, da Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin ɗan'adam ba sa wuce rabuwa kamar sau hamsin a faranti, daga nan sai su tsufa su tsaya. Na ɓera kuwa, akan sami wasu daga ciki su tsallake tsufan su ci gaba da rabuwa har illa ma sha Allahu.

A 1963 George Todaro, wanda ɗalibin likitanci ne a lokacin, da malaminsa Howard Green, a Jami'ar Niyok, suka ba da labarin wata zuriyar ƙwayoyi da suka samo daga 'yan tayin ɓera. Duk bayan kwana uku sukan kwashe ƙwayoyi 300,000 su sake musu faranti, kuma daga waɗannan alƙaluma biyu ne sunan 3T3 ya samo asali. Da farko ƙwayoyin suka yi rauni kamar za su ƙare, sai bayan 'yan watanni suka farfaɗo. Abin da ya ba su daraja shi ne ladabinsu: sukan shimfiɗu a gindin faranti kamar tabarma, da zarar kowace ta taɓa maƙwabciyarta sai duk su daina rabuwa. Ƙwayar sankara ba ta san wannan kunya ba, hawa kan 'yan'uwanta take yi. Saboda haka in ƙwaya ɗaya ta kangare a cikin dubban ɗaruruwa, bayan mako biyu za a ga zuriyarta ta yi tsibi a kan tabarmar, har a iya ƙirga tsibin da ido. A 1969 aka samar da wata zuriya irin wannan mai suna NIH 3T3, wadda ita ce za ta zama babbar mai ba da shaida.

A daidai wannan zamani aka nuna cewa ana iya kangarar da ƙwaya da gangan. A 1960 Marguerite Vogt da Renato Dulbecco a Kalifoniya suka yi haka da bairas a kan ƙwayoyin hamsta, wata 'yar dabba dangin ɓera mai guntun wutsiya. A 1963 kuma Yoheved Berwald da Leo Sachs a Isra'ila suka yi haka da sinadari. Masu cewa bairas da masu cewa guba, kowa ya sami abin kafa hujja, gardama ta ƙara zafi.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus da abokan aikinsu a San Francisco suka gano wani abin mamaki game da bairas ɗin Rous. Gaɓar da yake amfani da ita wajen haddasa ƙari, mai suna src, tana nan a cikin ƙwayoyin kowace lafiyayyar kaza. Sato ta bairas ɗin ya yi, ta lalace a hannunsa. Wannan ya tayar da tambaya: in har gaɓar ta gida ce, shin guba ba za ta iya lalata ta a inda take ba, ko da babu bairas?

Robert Weinberg na Cibiyar MIT da ke jihar Massachusetts, da ɗalibinsa Chiaho Shih, su suka gwada. Sun yi amfani da wata dabara da Frank Graham da Alex van der Eb suka fito da ita a ƙasar Holan a 1973, wadda ke sa ƙwaya ta haɗiye zaren DNA na wata ƙwayar. Suka ciro tsantsar DNA daga ƙwayoyin ɓera da sinadari ya mayar na sankara, suka zuba wa ƙwayoyin NIH 3T3. Sai ga tsibi ya fito. Da suka zuba DNA na lafiyayyun ƙwayoyi, tabarma ta zauna lafiya. Wannan sakamako na 1979 ya nuna cewa ɓarnar da guba ta yi a rubuce take a jikin zaren, har ana iya ɗaukar ta daga wata ƙwaya zuwa wata.

Daga nan sai aka koma kan ɗan'adam. A 1981 aka ga cewa DNA na ƙwayoyin sankarar mafitsarar mutum shi ma yana kangarar da ƙwayoyin ɓera. Sauran aiki shi ne a tsamo gaɓar da ke da alhaki. Abin da ya taimaka shi ne zaren ɗan'adam yana da wasu jerin haruffa da ke maimaituwa, waɗanda ke bambanta shi da na ɓera kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum a baƙon gari. Aka riƙa ciro DNA daga tsibi ana zuba wa sababbin ƙwayoyi, kowane zagaye kason ɗan'adam yana raguwa, har ya rage guntu ɗaya wanda ba ya rabuwa da ciwon. A 1982 rukuni uku suka cim ma wannan guntu kusan lokaci guda: na Weinberg, da na Michael Wigler a Cold Spring Harbor, da na Mariano Barbacid a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa.

Da aka duba, ashe tsohuwar sananniya ce. Gaɓar ras ce, wadda aka riga aka sani a jikin wani bairas da Jennifer Harvey ta samo a Landan a 1964 daga jikin babban ɓera irin wanda ake kiwo domin gwaji. Da aka gwama ta da takwararta ta lafiyayyen mutum, bambancin harafi ɗaya ne a cikin guntu mai haruffa kamar 6,600: inda ya kamata a ga G sai aka ga T. Wannan ya sauya tubali na 12 a ginin furotin ɗin. Aikin furotin na ras shi ne ya zaburar da ƙwaya ta rabu in an aiko da saƙo, sannan ya saki. Wanda ya lalace kuwa kamar ƙaimi ne da ya maƙale a cikin doki, sukuwa ba tsayawa. A nan ra'ayoyin nan uku suka haɗu: guba tana lalata gaɓa, bairas yana sato gaɓa, kuma kamar yadda Boveri ya hango, a cikin zaren gado ɓarnar take.

Shaidar da Ba Ta Cika Ba

Murna ta yi yawa a 1982, har wasu suka ɗauka harafi ɗaya ya isa ya jawo sankara. Amma masu nazarin alƙaluman marasa lafiya ba su gamsu ba. Tun 1954 Peter Armitage da Richard Doll a Ingila suka lissafa, daga yadda ciwon ke ƙaruwa da yawan shekaru, cewa sai an taka matakai shida ko bakwai. In mataki ɗaya ne, me zai sa ciwon ya fi kama dattawa?

Amsa ta zo a 1983. Hartmut Land da Luis Parada da Weinberg suka zuba lalatacciyar ras a kan sababbin ƙwayoyi da aka ɗebo kai tsaye daga ɗan tayin babban ɓera, ba waɗanda suka shekara a faranti ba. Ƙwayoyin ba su zama na sankara ba. Sai da aka haɗa ta da wata gaɓa mai suna myc sannan ƙari ya samu. Earl Ruley ya sami irin wannan sakamako a shekarar, haka ma Robert Newbold da Robert Overell a Ingila da ƙwayoyin hamsta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ashe ƙwayoyin 3T3, duk da ladabinsu, sun riga sun yi rabin tafiya tun ranar da suka tsallake tsufa, abin da gwajin Earle ya nuna tun 1943. Ita kuwa myc, a 1982 aka gano cewa ita ce ke sauya mazauni daga kuromosom na 8 zuwa na 14 a sankarar muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda ake samu a yankunan Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya.

To, me ƙwayoyin 3T3 suka rasa? Tun 1969 Henry Harris na Oxford da George Klein na Suwidin suka narka ƙwayar sankarar ɓera da lafiyayyar ƙwaya suka zama ɗaya, sai haɗin ya kasa yin ƙari har sai da wasu kuromosom suka zube. Ma'ana, lafiyayyar ƙwaya tana da linzami, ba ƙaimi kaɗai ba. A 1986 aka tsamo linzami na farko, gaɓar Rb, daga binciken sankarar idon yara.

Labarin linzami mafi shahara, p53, shi ma darasi ne. An gano furotin ɗin a 1979 a cikin ƙwayoyin ɓera da bairas ya kangarar, a ɗakunan bincike da dama, ciki har da na David Lane da Lionel Crawford a Landan da na Arnold Levine a Princeton. A 1984 aka ga yana taimaka wa ras a ƙwayoyin babban ɓera, sai aka sa shi a sahun ƙaimi. Shekara biyar ana kan haka, sai a 1989 aka tabbatar cewa kwafin da aka yi gwajin da su lalatattu ne, domin daga ƙwayoyin sankara aka ɗebo su. Lafiyayyen p53 hana ƙari yake yi: in zaren gado ya sami rauni, shi ke tsayar da ƙwaya a gyara, in gyara ya faskara ya sa ta kashe kanta. A yau an san cewa ya lalace a kusan rabin dukkan sankarar ɗan'adam. An kuma gano cewa ƙwayoyin NIH 3T3 sun rasa wata gaɓa da ke tayar da p53 daga barci.

Sai a 1999 William Hahn da Weinberg suka iya mayar da lafiyayyar ƙwayar ɗan'adam ta sankara a faranti da gaɓoɓin da suka zaɓa, shekara 16 bayan an yi wa ta ɓera. A 2004 ɗakin binciken ya kwatanta su: hanyoyi biyu aka taɓa ƙwayar ɓera ta kangare, ta mutum kuwa sai da aka taɓa shida. Wannan bai zama abin mamaki ba, domin ɓera shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, jikin da zai kai saba'in kuwa dole ya fi shi yawan makullai.

Abin da Aka Girba

Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin duk wannan ga mai jinya? A farkon shekarun 1980 rukunin Weinberg ya tsamo wata gaɓa daga ƙarin jijiyoyin babban ɓera ta hanyar ƙwayoyin 3T3, aka sa mata suna neu. Takwararta a jikin mutum ita ce HER2. A 1987 Dennis Slamon a Los Angeles ya nuna cewa tana ninkuwa fiye da ƙima a wani kaso na sankarar mama, kamar ɗaya cikin biyar, kuma irin wannan ta fi saurin kisa. Aka samo furotin na garkuwar jiki daga ɓera wanda ke toshe ta, aka gyara shi ya dace da jikin mutum, ya zama maganin Herceptin da aka amince da shi a Amurka a 1998. Ita kuwa ras, wadda ke da hannu a kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sankarar ɗan'adam, ta gagari masu haɗa magani har shekara 39. Sai a 2021 aka amince da sotorasib domin wani nau'in sankarar huhu, kuma shi ma sau da yawa ciwon yakan sami hanyar kauce masa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Aka gano gubar wata fumfuna ce, aka sa mata suna afulatoksin, kuma manyan ɓerayen da aka ciyar da tunkuzar suka kamu da sankarar hanta. A 1991 aka duba sankarar hantar mutane a China da kudancin Afirka, sai aka riƙa ganin ɓarna iri ɗaya a wuri ɗaya na gaɓar p53, a tubali na 249, inda G ya koma T. Wato gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da aka adana da danshi tana tsinka linzamin da aka gano a ƙwayar ɓera, kuma haɗarin yakan ninku ga mai ɗauke da bairas ɗin ciwon hanta nau'in B. Wani bincike da aka buga a 2005 daga ƙauyukan ƙasar Gini ya nuna cewa tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta a kan tabarma har ta bushe sarai, da ɗora buhuna a kan katako, sun rage alamar gubar a jinin mutane da fiye da rabi. Haka kuma bairas ɗin HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, an gano cewa p53 da Rb yake kashewa, kuma Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata rigakafinsa a Oktoban 2023.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ƙwayoyin ɓera suka koya wa duniya shi ne ciwon daji ɓarna ce da ke taruwa sannu a hankali a cikin zaren gadon ƙwaya guda, ƙaimi ya maƙale, linzami ya tsinke, ɗaya bayan ɗaya. Kada kalmar gado ta ruɗi mai karatu: kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai ake gadon lahanin daga iyaye, saura a tsawon rayuwa suke samuwa, ta hayaƙin taba, ko guba, ko bairas, ko kuskuren da ƙwaya kan yi wajen kwafe haruffanta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: abin waje ba ya cin nasara sai ya sami gaɓar da zai lalata a ciki.

Tarihin ya kuma nuna cewa shaidar ɓera gaskiya ce, amma sau biyu, a kan ras da kan p53, masana suka yanke hukunci kafin su binciki halin mai ba da shaidar, kuma sake gwaji ne ya dawo da su hanya. Ga mu da ba mu da farantan gilashi, ribar ita ce sanin cewa ciwon matakai gare shi, kuma tsakanin mataki da mataki akan sami shekaru. A cikin waɗannan shekaru ne busar da gyaɗa, da allurar rigakafi, da barin taba, da kai ƙullutun mama asibiti tun yana ƙarami suke da amfani.